Ɗaya da Nema a Seattle: Ranar da Mai Jifa Ya Hana Mutum 27 Sakat a Wasan Besbol

Birnin Seattle yana can kusurwar arewa maso yammacin Amurka, a jihar Washington, ba nisa da iyakar Kanada, kuma wanda ya taso daga Abuja sai ya sauka a Turai ya sake jirgi, sannan ya shafe kusan awa goma a sama kafin ya hango ruwan da ya kewaye garin. Tsakaninsa da Najeriya akwai tazarar awa 8 a lokacin zafi, don haka lokacin da ake kiran sallar magariba a Kano su hantsi bai daɗe da dubawa ba. Na isa can a watan Agustan 2012 domin wani horo na wajen aiki, tafiyar kuwa ta faɗo cikin goman ƙarshe na watan Ramadan. Azumi a wannan nahiya a irin wannan lokaci yana da tsawo ƙwarai, domin alfijir yana ketowa da wuri, rana kuma ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe takwas na dare, sai dai Allah ya sauƙaƙa abin da iska mai sanyi da ke tasowa daga mashigin ruwan Puget Sound, wadda ba ta barin ƙishirwa ta galabaitar da mutum yadda take yi a gida.

Jirgin ƙasa na cikin gari, wanda aka buɗe a 2009, shi ne ya ɗauko ni daga filin jirgin sama ya bi da ni ta unguwannin kudu, inda na ga shagunan Somaliyawa da Habashawa jere a bakin titi, na ga mata da hijabi suna jiran mota. A kudu maso gabas dutsen Rainier yana tsaye da ƙanƙara a kansa, tsayinsa mita 4,392, kuma a ranar da sararin sama ya washe ana ganinsa daga kusan ko'ina. An san garin da yayyafi da hadari, amma watan Agusta shi ne raninsu, kuma ranakun da na yi can rana ce fes. Mai masaukina wani dattijo ne ɗan ƙasarmu da ya daɗe yana tuƙin tasi a birnin, mutum mai yawan karatu da son bayani, wanda zaman jiran fasinja da sauraron rediyo suka sa ya san wasan besbol ciki da bai.

Ranar Laraba, 15 ga watan, ba mu da zama a wajen horo bayan safiya. Da na dawo gida ina shirin kwanciya don in rage tsawon wunin, sai ya tsayar da ni a bakin ƙofa.

Ya ce, "Ɗana, barcin rana ba zai rage maka komai ba. Sa takalminka, yau Sarki ne zai yi jifa."

Na ce, "Alhaji, ai kun san ni ɗan ƙwallon ƙafa ne, ban san kan wannan wasa ba."

Ya ce, "Shi ya sa zan kai ka yau. Idan wannan yaron yana kan tudu, ko makaho ya san ana aiki."

Filin wasan ƙungiyar Seattle Mariners, wanda a lokacin ake kira Safeco Field, yanzu kuma T-Mobile Park, yana kudu da tsakiyar gari, kusa da tashar jiragen ruwa da layin dogo. An buɗe shi a 1999, kuma yana da rufin ƙarfe da ake turowa a kan dogo idan ruwa ya sauko, amma a wannan rana an janye shi gefe, rana tana zuba a kan ciyawa. Lokaci zuwa lokaci jirgin ƙasa na kaya yakan wuce ta bayan filin ya busa ƙahonsa, ƙarar ta cika wurin, babu wanda ya waiwaya. Abin da ya fi gwada haƙurina shi ne ƙamshin soyayyen dankali da tafarnuwa da ake sayarwa a barandar shiga, wanda ya bi mu har kujerunmu. Filin yana ɗaukar mutum kusan 47,000, amma waɗanda suka sayi tikiti a ranar 21,889 ne, wato fiye da rabin kujerun babu kowa. Dalilin a fili yake: ranar aiki ce, an sa wasan da ƙarfe 12:40 na rana, ƙungiyar kuma tana can ƙasan rukuninta, ga shi makonni uku da suka wuce ta miƙa tauraronta ɗan Jafan, Ichiro Suzuki, ga New York Yankees. Baƙin kuwa, Tampa Bay Rays daga jihar Florida, suna cikin masu fafutukar samun gurbi a wasannin ƙarshen kaka na fitar da zakara.

Kafin a fara, Alhaji ya shimfiɗa mini dokokin a taƙaice. Akwai matsaya huɗu da aka jera a kusurwoyi huɗu, tsakanin kowace biyu mita 27 da ɗoriya, ta ƙarshensu ita ce gida, kuma nan mai duka yake tsayawa da sandarsa. Mai jifa yana kan wani ɗan tudu a tsakiya, mita 18.44 daga gida, yana jefa ƙwallon ga abokinsa mai cafewa da ke tsugune a bayan mai duka. A saman farantin gida, wanda faɗinsa santimita 43 ne, akwai wata taga da ba a gani sai a idon alƙalin wasa, daga gwiwar mai duka zuwa wajen ƙirjinsa. Jifan da ya ratsa tagar ba a doke shi ba, ko wanda aka kai wa duka aka kuskure, ana ƙidaya shi a kan mai duka, idan ya kai uku an fitar da shi. Jifan da ya kauce wa tagar mai duka kuma ya ƙyale shi, ana ƙidaya shi a kan mai jifa, idan ya kai huɗu sai mai duka ya taka zuwa matsaya ta farko a kyauta. Wanda ya doki ƙwallo aka cafe ta kafin ta taɓa ƙasa ya fita, haka wanda ƙwallo ta riga shi isa matsaya. Da an fitar da mutum uku sai ɓangarorin su yi musanya, ana yin haka har turmi tara, kuma maki ba ya samuwa sai ɗan wasa ya zagaye matsaya uku ya dawo gida. Abin da ya fi ɗaure mini kai a bayanin shi ne cewa a nan masu tsaro ne ke riƙe da ƙwallo, saɓanin wasannin da na saba gani, kuma babu agogo: wasa ba ya ƙarewa sai an fitar da mutum na ƙarshe, ko da za a kai dare.

Sarkin da Alhaji yake nufi shi ne Félix Hernández, ɗan garin Valencia a ƙasar Venezuela, wanda aka haifa a 1986, ya fara jifa a babbar gasar besbol ta Amurka a 2005 yana da shekara 19. A can kusurwar hagu ta filin akwai wani sashe da ake keɓe wa magoya bayansa duk ranar da zai yi wasa a gida, wanda suke kira fadar Sarki. Dukansu sanye suke da riguna ruwan ɗorawa, kowa riƙe da kati mai ɗauke da harafin K, alamar da ake rubutawa idan mai jifa ya kayar da mai duka da jifa uku, kuma da zarar an ƙidaya biyu a kan mai duka sai su miƙe gaba ɗaya suna ɗaga katunan suna kiran harafin. Ko da sauran filin ya yi fayau, wannan kusurwa a cike take.

Mutumin farko da ya fuskance shi, Sam Fuld, ya doki ƙwallon da ƙarfi ta yi sama ta nufi katangar dama, na ga mutane sun ɗago daga kujeru, sai Eric Thames ya bi ta da gudu ya cafe ta kusa da katanga. Babu wanda ya ɗauki wannan kamun da muhimmanci a lokacin, tafi kaɗan aka yi aka koma hira, amma bayan awa biyu kowa a filin yana tuna shi. Biyun da suka biyo baya su ma suka koma rumfar da 'yan wasa ke zama. Haka aka yi a turmi na biyu, haka a na uku, mutum tara sun zo sun koma babu wanda ya taka matsaya ta farko.

Kujerunmu suna bayan gida, ɗan karkace zuwa hagu, kuma tun da wurin babu cinkoso sai muka gangaro kusa, inda nake iya ganin abin da ke gudana tsakanin mai jifa da mai cafewa, John Jaso. Kafin kowane jifa Jaso yakan tsuguna, ya sauke hannun damansa tsakanin cinyoyinsa inda mai duka ba zai gani ba, ya nuna yatsu, Hernández kuwa ya sunkuya daga kan tudu yana kallo, ko ya gyaɗa kai ko ya girgiza shi a sake wata alama. Daga nan sai ya ɓoye hannunsa cikin safar fata ya gyara riƙon ƙwallon, domin yadda yatsu suka hau jan ɗinkin da ke jikinta shi ke yanke abin da za ta yi a hanya. Akwai jifan ƙarfi da ke zuwa a miƙe da gudun da ya kai kilomita 150 a awa, wanda bai fi rabin daƙiƙa ba ya isa hannun mai cafewa. Akwai mai lanƙwasa, wanda ke tasowa kamar zai bugi kafaɗa sannan ya faɗo cikin taga. Akwai mai zamewa gefe a taku na ƙarshe. Sai kuma wanda ya fi shahara da shi, jifan yaudara, wanda yake fitowa da irin motsin hannun jifan ƙarfi, gudunsa ma bai gaza shi da yawa ba, amma yana isowa gaban mai duka sai ya nutse ƙasa. Na ga ƙarti majiya ƙarfi sun kai wa wannan jifa duka da dukkan jikinsu, sandar ta yanki iska, ƙwallon kuwa tana ƙasa cikin ƙura Jaso yana tare ta da gwiwa.

A nan na fara gane cewa abin da nake kallo ya fi kusa da wasan dara fiye da gwajin ƙwanji, domin kowane jifa shiri ne na wanda zai biyo baya. Mai duka ba shi da lokacin da zai ga ƙwallo ya yi tunani, dole ne ya yi hasashe tun kafin ta bar hannu, kuma aikin mutanen nan biyu shi ne su sa hasashen nasa ya zama kuskure. Alhaji ya nuna mini yadda 'yan Tampa suke zuwa da shirin dukan jifan ƙarfi tun daga farko, da Jaso ya lura da haka sai ya riƙa kiran masu lanƙwasa da masu nutsewa a daidai lokacin da kowa yake jiran miƙaƙƙe. Wanda ya kalli allon maki kawai zai ce babu abin da ke faruwa, alhali a cikin wannan tazara ta mita 18 ana yanke shawara fiye da sau ɗari a wuni guda, kuma kuskure ɗaya ya isa ya rushe komai.

Makin da aka samu a wasan gaba ɗaya ya zo ne a turmi na uku, kuma sai da aka sha wuya kafin a same shi. Brendan Ryan, mai tsaron tsakanin matsaya ta biyu da ta uku, wanda aka fi sani da iya tsaro fiye da iya duka, ya samu ya doki ƙwallo ta wuce ya tsaya a matsaya ta farko. An riga an fitar da mutum biyu lokacin da ya fizga da gudu domin satar matsaya ta biyu, wato ya isa can ba tare da an doki ƙwallo ba, sai aka yi dace jifan ya kuɓuce wa mai cafewar Tampa, ya zarce har ta uku. Jesús Montero, shi ma ɗan Venezuela, ya doki ƙwallo ta faɗa fili, Ryan ya taka gida. Daga wannan lokaci har ƙarshe babu wanda ya sake zagayowa daga kowane ɓangare. Mai jifan Tampa, Jeremy Hellickson, wanda aka zaɓa gwarzon sababbin 'yan wasa na American League, ɗaya daga ɓangarori biyu na babbar gasa, a 2011, ya yi turmi bakwai, sau biyar kacal aka doke shi dukan da ya kai mutum matsaya, maki ɗaya ya bayar. Siriri ne, ba shi da kwarjinin abokin karawarsa, fuskarsa ba ta nuna komai, amma shi ma da jifan yaudara yake aiki, kuma na ga 'yan Seattle suna komawa rumfa ɗaya bayan ɗaya suna girgiza kai. Shi ne ya sa wasan ya yi nauyi, domin da Seattle ta ci shida ko bakwai da hankali ya kwanta, amma da tazarar maki ɗaya, duka guda da ya tsallake katanga ya isa ya mayar da wasan ɗanye.

A layin da ke gabanmu akwai wata tsohuwa mai farin gashi da ta zo ita kaɗai, da wani littafi mai gidaje a kan cinyarta da fensir a hannu. Duk mai dukan da ya zo tana da gidansa, kuma da an gama da shi sai ta rubuta yadda aka yi da lambobi, domin kowane mai tsaro yana da lambarsa daga 1 zuwa 9. Idan Ryan ya tsinci ƙwallo ya jefa wa mai tsaron matsaya ta farko sai ta rubuta 6 da 3, idan an kayar da mutum da jifa uku ta rubuta K, idan kuwa ya tsaya yana kallo jifa na uku ya wuce bai ɗaga sanda ba sai ta juya harafin ya fuskanci baya. Na riƙa leƙen shafin ta saman kafaɗarta, kuma a turmi na biyar na ga abin da ya sa hirar mutane ta fara raguwa: ɓangaren Tampa gida uku ne kawai a kowane layi, babu layin da aka ja zuwa matsaya ta farko ko sau ɗaya. Ta goge bakin fensirin da yatsa, ta gyara gilashinta, ba ta ce wa kowa komai ba.

Na juya zan tambayi Alhaji ko abin da nake zato ne, sai ya ɗora hannu a gwiwata.

Ya ce, "Ɗana, ka gani, na gani. A nan ba a faɗa sai an gama."

Al'ada ce da ta daɗe a wasan, cewa idan mai jifa yana kan hanyar hana abokan karawa komai ba a ambaton abin, 'yan ƙungiyarsa ma sukan janye daga kusa da shi a rumfa su bar shi shi kaɗai da tawul ɗinsa. Ni ban yarda cewa maganar baki tana karkatar da ƙwallo ba, kuma na san Alhaji ma bai yarda ba, amma na ga ladabin da ke ciki, na barin mutum da aikinsa ba tare da an ɗora masa nauyin fatan dubban mutane da baki ba. Abin da ake nema shi ne cikakken wasa, wato mutum 27 su zo, 27 su koma, babu wanda ya isa matsaya ta farko ko ta hanyar duka, ko ta jifa huɗu a waje, ko ta kuskuren mai tsaro, ko ta ƙwallo ta bugi jikinsa. Tun daga 1880 da aka fara yin irinsa har zuwa safiyar wannan rana sau 22 kawai aka taɓa gani a babbar gasa, a cikin wasannin da ake buga fiye da 2,400 kowace shekara a wannan zamani. Abin da ya ƙara wa mutanen garin zafi shi ne, a watan Afrilun shekarar, a wannan fili, Philip Humber na Chicago White Sox ya yi wa ƙungiyarsu irin wannan wasa suna kallo.

A turmi na shida ya kayar da mutum ukun duka da jifa, babu wanda ya sa ƙwallo cikin fili. Na bakwai shi ne ya fi tayar da hankali. B.J. Upton, wanda yake da gudu ƙwarai, ya doki ƙwallo ta yi tsalle a ƙasa ta nufi tsakanin matsaya ta uku da wurin Ryan, Kyle Seager ya yi sufa bai same ta ba, zuciyata ta ce shi ke nan, sai ga Ryan a bayansa ya tsince ta ya wurga, ta riga Upton isa. Bayan haka, an fitar da biyu ana kan Matt Joyce, alƙalin bayan gida, Rob Drake, ya ƙidaya wani jifa a kan mai duka, kocin Tampa, Joe Maddon, ya yi ƙorafi aka kore shi, ya fito fili ya tsaya yana faɗa da alƙalin na ɗan lokaci mai tsawo. Mutane suka yi ta yi masa ihu, domin da yawa sun ɗauka yana jan lokaci ne don hannun mai jifa ya yi sanyi. Ko da wace niyya ya yi, Hernández ya tsaya a bayan tudu yana murza ƙwallo, da aka koma wasa ya gama da Joyce.

Turmi na takwas ya kawo manyan masu dukan Tampa a jere, Evan Longoria, Ben Zobrist da Carlos Peña, kuma a ganina nan ne aikin ya kai ƙololuwa. Mutumin da ya riga ya yi jifa kusan casa'in a cikin rana ya kamata ƙarfinsa ya fara raguwa, amma lambar gudun da ake nunawa a allo hawa take yi. Ya kayar da su ukun duka da jifa. Zuwa lokacin mutanen da suka warwatsu a saman bene sun gangaro, babu wanda yake zaune, masu sayar da abinci sun bar rumfunansu sun tsaya a bakin baranda, ni kuma na manta da yunwa da ƙishirwa ɗungum.

A turmi na tara Tampa ta sako sababbin masu duka biyu daga benci. Desmond Jennings ya kai wa jifa na uku duka ya kuskure. Jeff Keppinger, wanda ba a cika kayar da shi da jifa ba, ya doki ƙwallo ta gangara wurin Ryan, aka riga shi isa. Saura Sean Rodriguez, mutum na 27. Jifa biyu na farko suka kauce wa taga, filin ya ɗauki wani irin gunji, domin biyu kawai suka rage ya taka matsaya a kyauta komai ya lalace. A irin wannan hali yawancin masu jifa sukan koma ga jifan ƙarfi don su tabbatar ya shiga, mai duka ma shi yake jira, amma Jaso ya kira wani abu dabam, Hernández ya amince. Jifa na uku aka ƙidaya a kan Rodriguez, na huɗu ma haka, na biyar ya shigo ta gefen ciki ya zauna cikin safar Jaso, Rodriguez bai ɗaga sanda ba, alƙali ya dunƙule hannu. Hernández ya ɗaga hannuwansa biyu sama da ƙafa ɗaya a iska, 'yan ƙungiyarsa suka rugo daga kowace kusurwa suka rufe shi. Alhaji, dattijon da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya rungume wani Bature da bai sani ba. Tsohuwar ta rubuta harafinta na ƙarshe a juye kafin ta fara tafi.

Jifa 113 ya yi, 77 daga ciki aka ƙidaya a kan masu duka, ya kayar da mutum 12 da jifa, kuma wasan duka awa biyu da minti 22 ya ɗauka. Shi ne cikakken wasa na 23 a tarihin babbar gasa, na farko ga Mariners tun kafa ta a 1977, na uku kuma a cikin 2012 bayan na Humber da na Matt Cain na San Francisco. Ga Tampa kuwa karo na uku ke nan da aka yi musu haka cikin kaka huɗu, bayan Mark Buehrle a 2009 da Dallas Braden a 2010. Ba a sake ganin irinsa ba sai a watan Yunin 2023, lokacin da Domingo Germán na Yankees ya yi a Oakland.

Mun fito da ƙarfe uku da 'yan mintuna, muka bi ayarin masu riguna ruwan ɗorawa zuwa tashar jirgin ƙasa, direbobi suna ta danna ham a titi. Muka sauka a unguwar kudu muka yi azahar a wani ƙaramin masallaci, muka zauna har la'asar, da yamma kuma muka sha ruwa a gidan abincin Somaliyawa da dabino da sambusa da shayi mai kayan yaji, kafin a kawo shinkafa da naman akuya da ayaba a gefe. A kan wannan faranti na faɗa wa Alhaji abin da ya tsaya mini a rai, cewa a littafin gasar za a rubuta wa Hellickson faɗuwa, alhali irin aikin da ya yi a yawancin ranaku nasara yake kawowa, kuma na ga wannan lissafi bai yi wa mai jifa adalci ba tun da ba shi ke da alhakin makin da abokansa suka kasa ci ba.

Ya ce, "Ai wanda ya fi kowa sanin wannan ciwo shi ne Sarkin da kansa. A 2010 sau 13 aka rubuta masa nasara, sau 12 faɗuwa, saboda yaranmu ba sa ci masa maki, amma duk da haka shi aka ba kyautar Cy Young ta gwarzon masu jifa, domin a kowane turmi tara makin da ake ɗora masa 2.27 ne, babu wanda ya kai shi. Ko a farkon watan nan ɗaya da nema ya doke Yankees a gidansu. Maki ɗaya suke ba shi, su ce ya san yadda zai yi."

Haka kuwa abin ya ci gaba, domin kafin watan ya ƙare ya sake cin Minnesota ɗaya da nema, amma ƙungiyar ta gama kakar a ƙarshen rukuninta da nasara 75 da faɗuwa 87. Hernández ya zauna a Seattle har 2019, ya tara nasara 169, ya kayar da masu duka 2,524, kuma a duk tsawon shekarun nan 15 ƙungiyar ba ta kai shi wasannin ƙarshen kaka ba ko sau ɗaya. Alhaji ya biya kuɗin abincin duk da roƙon da na yi masa, ya ce in hanzarta domin masallacin yana cika da wuri a daren goman ƙarshe, shi kuma bayan tarawihi zai ɗauki motarsa ya fita aiki tun da ya ba da wunin ga wasa.